Shaidar Almajiri ga Malaminsa

Duk wanda ya daɗe yana koyarwa a jami'a ya san wata 'yar takarda da ake kira fom ɗin shaida. Ɗalibi ne zai kawo maka ita, ko kuwa a aiko maka da ita ta intanet, a nemi ka faɗi abin da ka sani game da halinsa da ƙwazonsa, domin yana neman gurbin karatun digiri na biyu ko na uku. Mun cika irin wannan takarda ba adadi, wani lokaci ma a tsaye a bakin ƙofar aji, alli a hannu ɗaya biro a ɗaya, ba tare da mun ji komai a zuci ba. Amma akwai wata guda da ta kwana goma sha ɗaya a kan teburinmu ba mu iya ɗiga mata ko tawada ba. Ita ce muke son mu ba mai karatu labarinta.

Mu haifaffun Agege ne, a can Ikko. Wanda bai san kurmi ba yakan yi mamaki in ya ji Bahaushe ya ce garinsu Agege, sai ka ji ya ce, "To, amma asali fa?" Asalin dai goro ne da dogo. Tun kafin a haifi iyayenmu fatake suka rage doguwar tafiyar nan ta Gwanja da jakuna, suka karkato Ikko, kuma da layin dogo ya isa Kano a 1911 sai huhun goro ya koma hawa jirgin ƙasa. Agege tana bakin layin, ga kuma gonakin goro kewaye da ita a wancan zamani, saboda haka zango ya kafu: masu saye, masu wanki, masu ɗaurin huhu, dillalai da masu masauki. Daga baya 'yan shanu da mahauta suka biyo sawu, waɗanda har yau suke cika mayankar Oko-Oba. Inda duk fatake suka sauke kaya kuwa, malami na biye da gafakarsa a rataye. Yanzu gonakin goron sun zama gidaje, gadar sama ta Pen Cinema da aka buɗe a 2021 ta haye inda muke tsallaka dogo da gudu muna yara, amma da asuba in ka bi lungunan zango za ka ji muryar 'yan makarantar allo kamar kana Fagge ko Tudun Wada.

A ɗaya daga cikin waɗannan zaurukan aka kai mu a 1986, muna da shekara shida. Mai makarantar ya tsufa, saboda haka ɗansa, wani gardi ɗan shekara ashirin, shi ya wanke mana allo, ya rubuta mana babbaƙu, ya kama ɗan yatsanmu yana bi da shi a kan harafi ɗaya bayan ɗaya. Shi ne za mu riƙa kira Malam a wannan rubutu, domin ba mu taɓa kiran sunansa da bakinmu ba, ba kuwa za mu fara da alƙalami ba. Bayan mun shiga farfaru ya tafi Arewa neman ilmi, ya yi shekara bakwai tsakanin Zariya da Kano, yana bin zauruka da littafi a hammata. Ya ɗauki Ahlari da Ishmawi da Iziyya da Risala, ya haura Askari da Muhtasar. Ya ɗauki Ajruma da Alfiyyar ɗan Maliki, da Maƙama ta Hariri da waƙoƙin Jahiliyya. Ya zauna aka biya masa Ashafa da Jalalaini tun daga bango har bango. Da mahaifinsa ya rasu ya dawo ya hau buzun. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan shi yake tafsirin azumi a masallacin unguwarmu, yana fassara da Hausa, in kuma ya hangi baƙin fuska a sahun baya sai ya maimaita da Yarbanci.

Zamani kuwa bai tsaya jiran buzu ba. Yaran zango suka fara dawowa daga Madina da Azhar da Hartum, kowa da takarda mai zanen zinariya a gefe. Malam ya ga inda iska ta dosa, ya lallaɓa ya yi difloma, ya bi ta da digirin farko na karatun ƙarshen mako, ya gama a 2018 yana da shekara hamsin da biyu. Mun ɗauka shi ke nan ya sauke nauyi. Ashe makarantar Islamiyyar da ya kafa da hannunsa, wadda ta fara da tabarma biyu a ƙofar zaure, ta girma har ta sami kwamiti, kwamitin kuma yana son buɗe sashen sakandare. A wani zama sai wani matashi, wanda Malam ne ya raɗa masa suna ran bakwai, ya miƙe ya ce ya kamata shugaban makaranta ya kasance mai digiri na biyu, domin a riƙa ganin mutuncinta a waje. Ba a ambaci sunan kowa ba, ba a kuma bukaci a ambata ba. Wannan zance ba daga bakin Malam muka ji shi ba. Tsohuwarmu ce ta tsegunta mana, tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba.

Yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ci wata takwas, shi ya zaunar da mu a gida. Wata rana bayan lisha muna zaune a ɗakin ƙofa sai muka ji sallama da muryar da ba mu taɓa ji a ƙofar gidanmu ba sai ran suna ko ran mutuwa. Muka zabura muka sauko daga kujera.

"Allah ya gafarta Malam, ai da an aiko yaro."

"A'a, Dokta. Mai nema shi ke tattaki."

Wannan "Dokta" ta fi bulalar da ya taɓa yi mana zafi. Ya zauna a kan tabarma, ya zaro wata takarda a ninke daga aljihun jamfarsa. Ya ce yana neman shiga wata kwalejin usuluddini, watau ta nazarin tushen addini, da ke ƙarƙashin wata jami'a a ƙasar Yarbawa, wadda yajin aikin bai shafa ba, domin yin digiri na biyu. Yana so ya yi bincike a kan malaman da suka biyo fataucin goro suka zauna a zangunan Ikko, domin akwai akwatin ƙarfe na mahaifinsa cike da takardunsu, Larabci da ajami, gara ta fara leƙawa. Bai ce uffan game da kwamiti ba, mu ma ba mu ce ba. "Sun ce sai mutum biyu sun shaide ni, ɗaya kuma lalle mai digiri na uku. Na duba zangon nan kaf, kai kaɗai na sani."

Kafin mu kai ga namu fom ɗin sai da muka raka shi cika nasa, a wani shagon intanet kusa da tasha, inda wani yaro mai saurin yatsa yake karanto tambayoyi yana jiran amsa, injin wuta na ruri a bayansa. Gurbi na farko shi ne sunan iyali. Bahaushe, kamar yadda aka sani, ba shi da wannan abu. Yana da sunansa da na ubansa, in an matsa ya ƙara da na garinsu. A takardar difloma Malam ya sa sunan mahaifinsa, a ta digiri wani akawu ya sa masa na kakansa, a katin ɗan ƙasa kuma an rubuta Muhammad inda sauran suka rubuta Mohammed. Mutum ɗaya ya zama uku, sai da muka je kotu aka yi takardar rantsuwa cewa duk shi ne. Muna tsaye muna kallon mutumin da ake zuwa wurinsa a yi rantsuwa a kan gado da bashi, yau shi ne yake rantsuwa a kan sunansa. Ranar haihuwa ba ta ba da wuya sosai ba. Abin da ya sani shi ne an haife shi da azumi, 'yan kwanaki kafin a kashe Sardauna, watau farkon Janairun 1966, kuma tun da daɗewa wani ya zaɓa masa ɗaya ga wata. Bautar ƙasa kuwa an yafe masa, tun da ya haura shekara talatin kafin ya gama digiri, takardar yafewar tana nan a leda.

Gurbin jihar asali shi ya tsayar da yaron mai yatsa. Malam ya ce Legas. Yaron ya ɗago ya dube shi, ya dubi rawaninsa, ya ce da Yarbanci, "Baba, asali ake nufi." Malam ya amsa masa da Yarbancin da ya fi nasa tsabta cewa a Agege aka binne cibiyarsa, a nan aka binne ta mahaifinsa. To amma fom yana son takarda, wadda ta fi sauƙin samu kuma ita ce ta wani ƙauye a ƙasar Katsina inda kakansa ya baro yana saurayi. Ya hau mota kwana da yini, ya isa garin da bai taɓa kwana a ciki ba, aka yi ta neman tsohon da zai tuna gidansu, har aka sami wata gyatuma da ta ce ta ji labarin wani da goro ya tafi da shi. Da shaidarta aka buga hatimi. Mu da muke da irin wannan takarda a fayil ɗinmu na aiki ba mu da bakin yi masa dariya.

Duk wannan kuwa wasa ne a kan gurbin da aka ce a lissafa makarantun da aka halarta, da shekaru, da takardun shaida. Layi huɗu ne. Malam ya sa difloma, ya sa digiri, ya sa wata jarrabawar sakandare da ya zauna daga waje. Sa'an nan ya tambayi yaron inda zai sa Zariya da Kano. Yaron ya ce wace makaranta ce, ya ce zauren malam wane da na malam wane. Wace takarda suka bayar? Malam ya yi shiru, can ya ce, "Addu'a suka yi mini." Aka bar layi na huɗu fari. A idon wannan fom, daga shekara ashirin zuwa arba'in da 'yan kai Malam bai karanta komai ba.

A nan ya kamata mu ɗan dakata, domin akwai saurin hukunci da ke zuwa wa mutum a irin wannan wuri, mun kuwa faɗa cikinsa a daren nan. Mun ce a ranmu takarda baƙuwa ce, Bature ya kawo ta, ita ta rusa mana ilmi. Da gari ya waye hankali ya dawo sai muka ga maganar ba ta tsaya ba. Tambayar da fom yake yi, watau wa ya karantar da kai, me ka karanta, wa zai shaide ka, ita ce ainihin tambayar da magabata suke yi. Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, wanda Mervyn Hiskett ya fassara zuwa Turanci a 1957, ba don komai ba sai don ya jera malamansa da littattafan da ya ɗauka a wurin kowannensu. In ba cikakken sakamakon karatu ba ne wannan, to mene ne? Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu, a Alƙahira ya karɓo ijaza daga Murtala Zabidi, mai ƙamusun Tajul Arusi, ya zo ya miƙa wa almajiransa. Ashe mu ma masu takarda ne tun asali. Bambancin shi ne ijaza tana ɗauke da sunan mutum, fom kuwa sunan hukuma kaɗai yake ji. Kuma, in za a faɗi gaskiya, zaurukanmu da yawa sun saki al'adar rubuta ijazar ma, suka bar almajiri ya dawo gida da addu'a da kyakkyawan zato.

Abin mamaki shi ne ɗaya daga cikin waɗanda suka hango wannan da wuri a ƙasar Yarbawa maƙwabcinmu ne. Shehu Adamu Abdullahi na Ilori, wanda aka haifa a 1917, ɗan zaure ne tsantsa, kuma cikin malaman da suka fi tasiri a kansa akwai wani Bakano mazaunin Ikko, Malam Adamu Namaji. A 1946 ya nufi Masar, ya gabatar da kansa a Azhar aka jarraba shi, ya fito da takarda. Da ya dawo ya kafa Markaz a Abekuta a 1952, bayan 'yan shekaru ya maido ta Agege, ya sa aji da benci da allon bango da rigar makaranta da jarrabawa da takardar shaida a karatun Larabci, abin da wasu malaman lokacin suka ɗauka bidi'a ce. Mun tuna ranar da aka kawo gawarsa daga Landan a watan Mayun 1992. Muna da shekara goma sha biyu, muka hau katanga muna kallon fararen riguna har inda ido ya tsaya. A Arewa ma an yi irin wannan gada: Makarantar Shari'a ta Kano da aka buɗe a 1934, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947, ita ta fitar da irin su Malam Abubakar Gumi. Waɗanda suka hau gadar sun haye. Mahaifin Malam, Allah ya ji ƙansa, yana iya jin kiran sallar Markaz daga zaurensa, amma ya zaɓi ya tura ɗansa inda shi ma aka tura shi. Ba mu ce ya yi kuskure ba. Mun dai ga wanda ya biya kuɗin zaɓin, shekara talatin da biyar bayan nan, a shagon intanet.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan ɗaci. Mu kanmu mun zauna a kwamitin ɗaukar ɗalibai na sashenmu. Mun ture fayil ɗin mutane gefe saboda rashin kiredit ɗaya, ba mu tambayi ko mai fayil ɗin ya haddace waƙoƙin Aliyu Namangi ba, ko shi ne yake yi wa garinsu tafsiri. Muna kuma da hujja: in ba ƙa'ida, ɗan wane ne zai shiga, ɗan talaka ya tsaya a waje. Takarda makauniya ce, amma makantar tata ce ta sa ɗan mai wankin goro irinmu ya zama abin da ake kira Dokta. Zaure kuwa, duk da albarkarsa, ya san ɗan wa kake, kuma ƙannenmu mata ba su taɓa wuce dokin ƙofarsa ba.

Da wannan kaya a ka muka zauna gaban namu fom ɗin. Tambaya ta farko: tun yaushe ka san mai nema? Muka rubuta shekara talatin da shida. Ta biyu: a wane matsayi? An ba da zaɓi uku, ɗalibinka ne, ko abokin aikinka, ko ma'aikaci a ƙarƙashinka. Nan alƙalami ya tsaya. Ƙasa kuma ga wani jadawali, wai mu auna basirarsa da iya bayaninsa da halinsa, mu faɗi ko yana cikin biyar na sama a ɗari na ɗaliban da muka taɓa koyarwa, ko goma, ko ashirin da biyar. Mu auna Malam! Wanda duk wasalin da muka taɓa sa wa harafi daga hannunsa ya fito. Kullum da safe sai mu buɗe takardar mu rufe. Malam bai tambaya ba ko sau ɗaya, sai dai in mun haɗu a masallaci ya ce, "Dokta, an tashi lafiya?" mu ji kamar ƙasa ta tsage.

Ran na goma sha ɗaya muka ja layi a kan zaɓin nan uku, muka rubuta a gefe da hannu cewa mai nema malaminmu ne. Jadawalin muka bar shi yadda yake. A madadinsa muka haɗa da wasiƙa mai shafi biyu, muka jera littattafan da ya karanta, da garin da ya karanta kowanne, da sunan malamin da ya biya masa, da malamin malamin in ya sani. Sai da muka kwana biyu muna zuwa zaurensa muna tambaya, yana faɗa muna rubutawa, yana gyara mana inda muka sa Iziyya kafin Ishmawi. Sai da muka sa hannu muka buga hatimin sashe sa'an nan muka lura da abin da muka yi: almajiri ne ya rubuta wa malaminsa ijaza.

Ba a ɗauke shi ba. Ba mu san ko an karanta wasiƙar ba, domin fayil ɗin bai kai teburin masu karatu ba. Ya tsaya tun a ƙofa, saboda ba shi da kiredit a Turanci, ko da yake da Larabci zai rubuta kundinsa. Muka je da niyyar ba shi haƙuri, muka tarar ya riga ya aiki yaro ya sayo masa littafin nahawun Turanci na 'yan sakandare. Mutanen zango suna ta cewa gemu ba ya hana ilmi, amma masu faɗin haka ba su ga Malam ya shiga ɗakin jarrabawar WAEC ta masu zaunawa daga waje ba, tsakanin 'yan shekara goma sha shida, mai tsaro yana lalube masa aljihu. Karo na farko bai samu ba. Karo na biyu, a ƙarshen 2023, ya samu da kyar. Muka sake cika fom, muka sake jan layin nan, muka sake haɗawa da wasiƙar. Kafin nan kwamiti ya riga ya naɗa matashin nan shugaban sashen sakandare, aka bar wa Malam ƙananan azuzuwa da wani laƙabi na girmamawa.

Ranar rajista, a 2024, mun ɗauki izini daga wurin aiki muka sauko muka raka shi. Layi ne bayan layi: na rasit, na asibiti, na laburare, na tantance takardu, kowane tebur yana son fayil mai launi dabam. A wurin hoto aka ce ya cire rawani domin kunnuwa su fito. Ya kwance shi a hankali, ya ninke, ya miƙo mana mu riƙe, muka kau da kai, domin ba mu taɓa ganin kansa ba hula ba. A teburin ƙarshe akawu ya ɗaga murya ya kira suna, na kaka a gaba, na yanka a baya, ba Malam ba Alhaji. Ba wanda ya amsa. Ya sake kira. Sai a karo na uku Malam ya farga cewa da shi ake, ya miƙe da sauri kamar yaron da aka kama yana gyangyaɗi a kan allo, ya ce, "Na'am."

A mota muna komowa ya yi ta juya katin ɗalibin a hannunsa. Can wajen Sango-Ota ya ce an gaya musu duk maganar da suka ɗauko sai sun nuna littafi da shafi da shekarar bugu a ƙasan takarda, shi kuwa ya san littafin ya san babin, amma bai san yadda ake jera su ba. Ya ce gobe bayan asuba zai zo a nuna masa. Muka ce haram, mu za mu zo. Bai amsa ba.

Da aka sallame asuba muka bar shi a kan buzu yana wuridi, muka ruga gida muka ɗauko littafi da biro, muka bi ta lungun baya domin mu riga shi isa zaurensa. Muka tarar da almajirai kaɗai suna hura wuta, suka ce Malam bai biyo ta nan ba. Da muka komo, takalmansa na ajiye a ƙofar ɗakinmu, yana zaune a kan tabarma, ya buɗe sabon littafin rubutu mai shafi arba'in a kan gwiwarsa, ya bar mana kujera.